Yadda Ake Haɗa Rimiks da Bidiyonsa, da Yadda Na Kusa Rasa Tashata

Tun da na saki bidiyon gwajin ƙaramin fiyanon nan Akai MPK Mini, tambayoyin da suka fi yawa ba a kan fiyanon ba ne ma. Kiɗan da ya tashi a ƙarshen bidiyon shi ya ɗauke muku hankali. Wannan ya ce wai ni na haɗa? Wancan ya ce da wace manhaja? Wani kuma mai ido ya tambaya ina tsohon rimiks ɗin da na taɓa ɗorawa bara, don ya nema bai gani ba. To yau zan amsa duka a rubuce, saboda akwai lissafi a ciki, shi kuwa lissafi ya fi zama a kai idan mutum yana kallonsa a shafi.

Ga waɗanda ba su sani ba, a Ka'akiyya nake zaune, nan kudancin Makka, ba nisa da Halaga inda ake sauke kayan gwari da na marmari. Situdiyon nawa ɗaki ɗaya ne: laftof na hannu, hedifon mai waya, fiyanon da kuka gani, sai makirfo guda. Duk lokacin da zan ɗauki murya dole in kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don ƙararta na shiga cikin sauti. Wanda ya san zafin Makka ya san minti goma haka ba wasa ba ne.

Bari in fara da abin da ya faru da wancan rimiks ɗin. Waƙar wani mawaƙi ce da ake yawan sakawa a bukukuwan Hausawan nan. Na nemo lambarsa, na yi masa bayani, ya turo min saƙon murya ya ce ba komai ɗan uwa, ka yi, Allah ya sa albarka. Na kwashe kusan sati biyu ina aiki, na haɗa bidiyo, na ɗora. Mako uku da ɗorawa sai na wayi gari bidiyo ya sauka, ga gargaɗin keta haƙƙin mallaka a kan tashata. Ashe ba shi ke da waƙar shi kaɗai ba. Wani kamfani ne ya biya kuɗin situdiyo, shi ke riƙe da ainihin sautin da aka naɗa, kuma shi ya kai ƙorafi. A dokar YouTube, gargaɗi uku cikin kwana 90 rufe tasha ne baki ɗaya, da duk bidiyoyin da ke ciki. Wata uku na yi ina buɗe imel da faɗuwar gaba. Zan dawo kan wannan a ƙarshe, amma ku riƙe shi a rai.

Mene ne rimiks ɗin ma tukuna?

Abin da na fi gani a TikTok shi ne mutum ya ɗauki waƙa, ya ƙara mata gudu har muryar ta koma kamar ta yaro, ya liƙa mata ganga, ya rubuta sunansa. A gani na wannan bai kai rimiks ba. Rimiks shi ne ka cire muryar mawaƙi daga gidan da aka gina mata, ka gina mata sabon gida: sabbin ganguna, sabon bes, sabon tsari na inda kiɗa zai lafa da inda zai fashe. Muryar ce kaɗai baƙuwa, sauran duk ginin hannunka ne.

Sana'ar ta girme mu. A Jamaika, mutane irin su King Tubby tun farkon shekarun 1970 suke cire murya daga faifai su bar ganga da bes suna wasa da amsa-kuwwa. A Amurka Tom Moulton ya riƙa tsawaita waƙoƙin disko don masu rawa kada su tsaya, daga nan aka samu faifan nan mai inci 12. Sai Frankie Knuckles a gidan rawa na Warehouse a Chicago, inda salon hawus ya samo sunansa. Shi ne ya fara lashe kyautar Grammy ta masu rimiks a 1998. Mu ma ba a bar mu a baya ba: Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗan lantarki da ogan ɗinsa a gidan rediyon ƙasa tun 1978, kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Hama na Yamai kuma yana ɗauko tsofaffin waƙoƙin Sahara ya sake gina su da kwamfuta, ku nemi kundinsa Houmeissa na 2019 ku ji.

Amma labarin da ya fi dacewa da mu shi ne na Imanbek. Yaro ne ɗan ƙasar Kazakistan, daga wani ƙaramin gari Aksu, yana aiki a tashar jirgin ƙasa. A 2019, bai kai shekara ashirin ba, ya ɗauki waƙar Roses ta SAINt JHN wadda ta fito tun 2016, ya ƙara mata gudu zuwa wajen bugu 122 a minti, ya ɗaga muryar, ya sa mata wani bes mai kauri, ya ɗora a intanet. Waƙar ta zama ta ɗaya a Ingila a 2020, a 2021 kuma ya ɗauki Grammy. Babu wani babban situdiyo a labarin. Sai dai ku lura da abu ɗaya: waƙar ba ta kai inda ta kai ba sai da kamfanoni suka shiga aka daidaita da mai ita, ta fito a hukumance. Haka ma Love Nwantiti ta CKay: ta fito a 2019, amma rimiks ɗin DJ Yo da AX'EL ne ya kunna mata wuta a TikTok a 2021, daga baya aka fitar da shi da izini.

Raba murya da kiɗa

Hanya mafi kyau ita ce mai waƙa ya turo maka rassan waƙar daban-daban: murya ita kaɗai, amshi shi kaɗai, ganguna, fiyano. Ka roƙi fayil ɗin WAV, kuma ka ce a turo shi a matsayin takarda ko ta Google Drive. Idan aka turo a matsayin saƙon murya na WhatsApp, an riga an matse shi, ingancin ya tafi.

Idan babu rassan, sai a koma ga manhajojin da ke raba sauti. Kamfanin Deezer ya saki Spleeter kyauta a ƙarshen 2019, Meta na da Demucs, akwai Ultimate Vocal Remover na kwamfuta shi ma kyauta, akwai Moises a waya. FL Studio ma tun fitowa ta 21.2 a 2023 ya saka wannan a cikinsa. Na gwada su duka da waƙoƙin Hausa, ga abin da na lura: da waƙoƙin nanaye suna ƙoƙari, amma inda sarewar fiyano ke bin muryar mawaƙiya sau da ƙafa, sai manhajar ta rikice ta bar sarewar a cikin murya. Da kalangu kuwa abin ya fi muni. Kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka kamar mutum, sai manhajar ta ɗauka murya ce. Ba laifinta ba ne, ba da irin kiɗanmu aka horar da ita ba.

Lissafin farko: gudu

BPM yana nufin yawan bugu a minti ɗaya. Hawus na tafiya tsakanin 120 da 128, amapiyano wajen 112 zuwa 115. Bugu huɗu su ne gaɓa ɗaya, kuma kusan duk kiɗan rawa na lantarki a kan gaɓa 8 ko 16 yake sauya kaya. A gudun 120, gaɓa 16 bugu 64 ne, daƙiƙa 32 cif. Ka riƙe wannan lambar, za ta yi mana amfani a wajen bidiyo.

Akwai hanya biyu ta ƙara wa murya gudu, kuma nan ne mafi yawan masu farawa ke faɗuwa. Ta farko irin ta kaset ce: gudu ya ƙaru, murya ta tashi sama tare da shi. Duk ƙarin kashi 6 cikin 100 na gudu yana ɗaga murya da mataki ɗaya a fiyano, wato daga maɓalli zuwa na kusa da shi. Ke nan idan ka ɗauki waƙa mai gudun 100 ka kai ta 112 ta wannan hanyar, ka ɗaga ta kusan mataki biyu. In ba ka sani ba, sai ka ci gaba da buga bes a tsohon mazaunin waƙar, ka rasa me ya sa abin ke yi maka tsami a kunne. Hanya ta biyu ita ce miƙa sauti ba tare da taɓa muryar ba. A FL Studio sai ka sauya yanayin daga Resample zuwa Stretch, a Ableton kuma Warp ne, ka zaɓi Complex Pro. Wannan ma yana da iyaka. Da zarar na wuce kashi 15 cikin 100, sai in fara jin muryar na rawa kamar ana magana ta bayan fanka.

Wata dabara: idan waƙar mai sanyi ce ƙwarai, misali gudun 62, kada ka ja ta da ƙarfi. Ka ninka gudun kiɗanka zuwa 124, ka bar muryar yadda take. Za su zauna lafiya.

Inda waƙar Hausa ta bambanta

Nan ne nake so mu daɗe, don ba za ku samu wannan a darussan Turawa na YouTube ba.

Na farko, da yawa daga cikin kiɗanmu a kan uku-uku yake tafiya. Ka saurari kiɗan ƙwarya irin na marigayiya Barmani Choge, ko kalangun da ke bayan Mamman Shata, ko ma yawancin waƙoƙin biki na yanzu, ka riƙa tafi kana ƙirga abin da ke tsakanin tafi da tafi. Sau da yawa za ka ji uku ne. Shi kuwa hawus kowane bugu gida huɗu ake raba shi. Idan ka ɗora muryar da ke tafiya uku-uku a kan kacakaurar da ke tafiya huɗu-huɗu, gudu zai yi daidai a lamba, amma kunne zai ji ana tuntuɓe. Na ɓata kwana uku a kan wannan ina zargin laftof ɗina. Maganin shi ne ka bar babbar ganga a kan kowane bugu yadda take, amma ka mayar da layukan manhajar zuwa kashi uku. A FL Studio, a wurin Snap, ka zaɓi 1/3 beat, sannan ka jera kacakaura da ƙananan ganguna a kai. Nan take za ka ji muryar ta samu wurin zama. Abin da zai fito ba zai yi kama da na Turai sak ba, kuma ni a wurina nan ne daɗin yake.

Na biyu, tsofaffin waƙoƙi ba da agogon kwamfuta aka naɗe su ba. Makaɗa mutane ne, idan waƙa ta yi zafi sai su ƙara wuta. Waƙar da ta fara a 104 tana iya ƙarewa a 112. Babu lamba ɗaya da za ka rubuta ta gyara wannan. Sai ka bi ta gaɓa-gaɓa da hannu kana kafa alama. Aiki ne mai cin rai, ka tanadi shayi.

Na uku, kuma wanda ya fi muhimmanci: Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Masu rimiks na son yanka murya gunduwa-gunduwa su buga ta a fiyano, wata gaɓar sama wata ƙasa. A Turanci ba abin da zai lalace. A Hausa kuwa, kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne kawai ya raba su. Gari na mutane da gari na tuwo kuma tsawon wasalin farko ne. Ka gajarta wasali don ya shiga bugu, ko ka sauke gaɓar da ya kamata ta tsaya a sama, sai ka sa mawaƙi ya faɗi abin da bai faɗa ba. Na taɓa yanka wani baiti, ƙanwata ta leƙo ɗakin ta ce, "Yaya, wai miya yake nema ne?" Tun daga ranar, duk yankan da na yi sai na kunna wa wanda bai san waƙar ba, in tambaye shi me ya ji. Idan kana son wasa da murya, ka yi da amshi ko da jan wasalin ƙarshen baiti, ka bar kalmomin da ke ɗauke da ma'ana.

Sauran gini

A nan ba zan tsawaita ba, don na nuna shi a bidiyo. Ka nemo mazaunin waƙar a fiyano kafin ka buga komai. Yawancin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke yawo, saboda haka bes mai sauƙi ya fi dacewa da su. Ka sa bes ya riƙa kauce wa babbar ganga duk lokacin da ta sauka, da Fruity Limiter ake yi, shi ke ba da wannan numfashin da kuke ji a kiɗan rawa. Ka gwada a lasifikar waya kafin ka saki, domin mafi yawan masu sauraronka da ita za su ji, kuma ba ta fitar da bes na can ƙasa. Sannan kada ka matse sauti don neman ƙara: YouTube na rage duk abin da ya wuce wajen -14 LUFS, sai ka tashi ba ƙarar ba kuma daɗin. Ka danna Stats for nerds a kan bidiyonka za ka ga nawa aka rage maka.

Lissafi na biyu: bidiyo

Bidiyon rimiks ba fim ba ne, ba lallai sai da labari ba. Aikinsa ido ya ga abin da kunne ke ji. Hoto ya sauya inda ganga ta sauka, wuri ya sauya inda gaɓa 16 ta cika. Ga lissafin: ka ninka yawan firem na daƙiƙa sau 60, ka raba da BPM. Abin da ya fito shi ne yawan firem a bugu ɗaya.

A firem 30, gudun 120 yana ba da firem 15 cif. Gudun 128 kuwa 14.06 yake bayarwa. Ƙaramin abu ne a ido, amma idan ka riƙa yanka firem 14 kana kwafa, kafin gaɓa 16 ta cika ka zame da firem huɗu, kuma mai kallo zai ji wani abu ba daidai ba ko da bai san mene ne ba. Shi ya sa ni tun kafin in fara kiɗa nake zaɓar gudun da zai rabu daidai. Rimiks ɗin da kuka ji a bidiyon fiyano 112.5 na sa shi, ba 112 ba, don a firem 30 yana ba da 16 ba ragowa. Babu kunnen da zai ji bambancin rabin bugu a minti, amma wajen yanka hoto ya hutar da ni.

To me ya sa 30 ba 25 ba? Wutar lantarki. A Saudiyya wuta na kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, a Najeriya da Nijar sau 50. Fitilun ɗaki, musamman masu araha, suna ƙyaftawa daidai da wannan. Idan kana Makka ko Jidda ka ɗauka a firem 25 ƙarƙashin irin waɗannan fitilu, za ka ga wasu layuka na yawo a hoton. Idan kana Kano ko Maraɗi kuma 30 ce za ta yi maka haka. Saboda haka mu nan 30 ko 60, ku can gida 25 ko 50. Ga mai ɗauka a 25, gudun 125 yana ba da firem 12 cif, gudun 100 kuma 15. Idan wayarka ba ta nuna 25, ka duba saitin kyamara ko ka sauke manhaja irin Blackmagic Camera ko Open Camera.

Abubuwa uku kuma da suka taɓa cin ƙaniyata. Waya ba ta riƙe yawan firem daram, tana ragewa idan ta yi zafi ko haske ya yi ƙasa, shi ya sa baki ke zamewa daga murya a tsakiyar bidiyo. Ka wuce da hotunan ta HandBrake, ka zaɓi Constant Framerate, kafin ka kai su CapCut ko DaVinci Resolve. Sai iyafis na Bluetooth: yana da jinkiri, wani har kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ka daidaita hoto da shi, ka cire, ka tarar komai ya goce. Mai waya za ka sa. Sannan ka fitar da sautin bidiyo a 48 kHz tun daga manhajar kiɗa.

CapCut na iya saka maka alamar bugu da kansa, amma a kiɗa mai uku-uku yakan sa ta inda ba nan ba. Na fi yarda da in kafa alamar farko da hannu a kan gangar farko, in ƙirga sauran.

Ga wata dabara da nake so. Idan kana son mawaƙi ya riƙa motsi a hankali amma bakinsa na bin waƙa daidai, ka ninka gudun waƙar sau biyu ka kunna masa, ya bi ta haka, kai kuma ka ɗauka a firem 60. Da ka mayar da hoton 30, jiki zai yi sanyi, baki kuma ya zauna daidai. Za ku yi dariya a wajen ɗauka, amma sakamakon ya biya. Game da walƙiyar haske kuma, kada ta wuce sau uku a daƙiƙa, saboda masu farfaɗiya. A gudun 120 walƙiya a kowane bugu sau biyu ne, ba matsala. A kowane rabin bugu kuwa huɗu ne, ya yi yawa.

Ɗaukar bidiyo a Makka

Wasu na can gida suna ganin labaran Soundstorm, bikin kiɗan lantarki da MDLBEAST ke shiryawa a Riyad tun Disambar 2019, ko Balad Beast da aka fara a tsohon garin Jidda a 2022, sai su ɗauka ko'ina a Saudiyya haka ne. Gaskiya ne ƙasar ta sauya, akwai DJ 'yan ƙasa irin su Cosmicat da Dish Dash da suke fitar da nasu. Amma Makka daban take. A Fabrairun 2020 wata matashiya, Asayel Slay, ta saki bidiyon waƙar gambara mai suna Bint Makkah wanda aka ɗauka a wani gidan shan kofi. Babu daɗewa gwamnan yankin, Yarima Khalid al-Faisal, ya ba da umarnin a kama waɗanda suka shirya shi, bidiyon ya sauka. Idan haka ta faru da waccan, ina ga mai zama da iƙama?

Ni ƙa'idata ita ce ba na nuna Harami ko hasumiyar agogo ko wani masallaci a bidiyon kiɗa, ba na sa sunan garin a ciki, ba na taɓa sautin kiran salla ko karatu. Ba tsoro kaɗai ba ne, a nan na girma, na san abin da wurin yake a zukatan mutane har da tawa. Masu tambaya ta game da hukuncin kiɗa kuma, wannan fagen malamai ne, ni na na'ura na sani. Bidiyon nawa a cikin ɗaki na ɗauke shi: hannuna a kan fiyano, fitila mai sauya launi, allon laftof. Hotunan waje kuma na hau jirgin Haramain zuwa Jidda na ɗauko teku da fitilun titi, ba fuskar kowa a ciki. Ita mawaƙiyar a Kano aka ɗauke ta. Da farko an turo min a firem 25, sai na roƙa a sake a 30 da rana a tsakar gida, inda babu ruwan hasken rana da ƙyaftawar wuta. Ku na Kano ku tuna akwai Hukumar Tace Finafinai, ku bincika abin da take buƙata kafin ku saki.

Mu koma kan izini

Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Akwai na wanda ya rubuta baitoci da karin waƙar, akwai kuma na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. Sau da yawa a wurinmu mutum biyu ne daban: mawaƙi ya rubuta, furodusa ko mai fim ya biya situdiyo. Kuskurena shi ne na samu yardar na farko, ban ma san da na biyu ba. Rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙa" a ƙarƙashin bidiyo ba ya kare kowa, hasali ma shaida ce ka bayar a kan kanka.

Ku kuma bambanta abu biyu. Akwai iƙirarin Content ID, na'ura ce ke gane sautin, yawanci bidiyo zai zauna amma kuɗin talla ya tafi wurin mai waƙa, ko a toshe shi a wasu ƙasashe. Wannan ba ya taɓa lafiyar tasha. Akwai kuma gargaɗi, wanda mutum ne ya zauna ya nemi a sauke bidiyon. Shi ne mai haɗari. Yana gogewa bayan kwana 90 idan ka yi ɗan darasin da YouTube ke bayarwa, ko kuma idan wanda ya kai ƙorafin ya janye. Ni na rubuta musu sau biyu ban samu amsa ba, sai na haƙura na jira.

A karo na biyu ga yadda na yi. Na nemi mawaƙiyar da ba ta riga ta yi suna ba, wadda ita ta biya kuɗin situdiyonta. Tambayata ta farko ita ce, "Hajiya, wa ya biya kuɗin ɗaukar waƙar, kuma wa ya ɗora ta a Audiomack da Spotify?" Na biyun yana da muhimmanci, domin idan ta bi ta kamfanin rarraba waƙa irin DistroKid ko TuneCore, wataƙila an yi wa waƙar rajista a Content ID ita ma ba ta sani ba, sai an nemi a cire tasharka daga ciki. Muka rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa: sunan waƙa, cewa ta yarda in yi rimiks in ɗora a wurare kaza, yadda za a rubuta sunayenmu, da cewa duk abin da ya shigo rabi da rabi ne. Ta sa hannu, mai situdiyon ma ya sa a matsayin shaida, aka ɗauki hoto aka turo min.

Rimiks ɗin zai fito cikakke da bidiyonsa ranar Asabar mai zuwa in sha Allahu. Ta kuma yarda in ba ku muryar amshin ita kaɗai, gaɓa 16 a gudun 112.5, don ku gwada hannunku. Sharaɗinta ɗaya ne: ku turo min abin da kuka haɗa in ji, kada ku ɗora a tasharku sai mun tambaye ta. Wanda kacakaurarsa ta zauna daidai a kan uku-uku, zan kunna nasa a bidiyo na gaba.